Kimiyya Da Lafiya: Inda Zazzaɓin Sauro Ke Ɓuya A Jikin Mai Ciki

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam tana da wani furotin a bayanta mai dogayen zaruruwan sukari, wanda masana ke kira furotiyogilikan. Da taimakonsa ƙwaya ke mannewa a mazauninta, kuma shi ke cafko sinadaran girma ya miƙa mata saƙonsu.

To, wannan zare ne zazzaɓin sauro ya mayar tsani. A 1996 Michal Fried da Patrick Duffy suka gano, a binciken da suka yi a Kenya, cewa jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna maƙalewa a jikinsa cikin mabiyiya. Ta haka suke kauce wa saifa, wadda aikinta ne ta tace su. Mabiyiya ta kumbura, abincin ɗan tayi ya ragu, a haife shi ba nauyi.

Mai cikin fari ta fi shan wuya, domin jikinta bai taɓa gamuwa da wannan dabara ba. Shi ya sa ake ba masu zuwa awo Fansidar tun daga wata na 4, aƙalla sau 3. Wadda maigida ya hana ta zuwa awo kuwa, ba ta samu.