Zarto mai inji: a sa masa linzami kafin ya cinye gumin manoma

Garin Maraɗi yana ƙara faɗi kowace shekara, kuma duk ɗakin da aka gina sai ya nemi ƙofa, taga da katakon rufi. A Sabon Gari da sauran unguwanni, kafintoci suna aiki daga safe har maraice, suna haɗa gadaje, kabad da teburan lakkwal. Nijar ba ƙasar kurmi ba ce. Mafi yawan katakon da ake aiki da shi daga ƙasashen kudu yake fitowa, wani ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Da aka rufe iyaka da Nijeriya a 2019, aka sake rufe ta a 2023, masu sana'ar sun gane cewa abincinsu yana rataye da hanyar da ba a hannunsu take ba.

Idan katakon waje ya yi wuya, ido yana komawa kan itatuwan gida. Nan ne zarto mai inji ya shigo. Mutum biyu da galan ɗaya na mai sun isa su kayar da babban icce, su tsaga shi fale-fale a nan inda ya faɗi, su ɗora bisa amalanke kafin rana ta faɗi. Iccen da ya yi shekaru arba'in yana girma, wuni guda ya ishe shi.

Ba a musun amfanin wannan inji. Yana shiga inda babbar mota ba ta kai. Bedin da iska ta tumɓuke a bakin titi, ko tsohon maɗacin da ya bushe a tsaye, a da murhu ne makomarsu. Yanzu ana iya fitar da katako daga cikinsu, matasa su samu aikin yi, kafinta ya samu kaya da rahusa.

Amma akwai lissafin da ya kamata kowa ya sani. Haƙoran sarƙar injin suna cin kusan santimeta 1 a kowace tsaga, alhali zarton masana'anta mai siririn baki milimeta 2 ko 3 kawai yake ci. Wanda ke fitar da katako mai kaurin santimeta 3, kashi ɗaya cikin huɗu na gungumensa ya zama gari ke nan. In kuma da hannu kawai ya riƙe injin, ba tare da ƙarfen da ke daidaita tsaga ba, katakon zai fito da tudu da kwari, kafinta ya sake fere shi, a ƙara wata hasarar. Saboda haka mai tsaga da ganganci yakan kayar da icce biyu inda ɗaya zai wadatar.

Jahar Maraɗi ta san abin da rashin icce yake jawowa. Bayan farin 1973 da na 1984, iska ta riƙa binne shuka da rairayi, mata suna doguwar tafiya neman makamashi. A watan mayu na 1984, zamanin shugaba Seyni Kountché, a nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada, wanda ya haifi Alƙawarin Maraɗi. A waɗannan shekaru ne kuma manoman jahar, tare da Tony Rinaudo, suka fara sassabin zamani, wato barin tohon da ke fitowa daga kututture a gona, ana rage shi, ana renonsa har ya zama icce. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200, yawancinsu a jahohin Maraɗi da Damagaram. Gawon da ke tsaye a gonakin Tibiri da itatuwan da ke kewaye da fadamar Jiratawa gumin talakawa ne na shekaru arba'in. Dajin Baban Rafi kuwa, a yankin Madarunfa, ya riga ya ragu ƙwarai saboda sassabe da saran makamashi.

Wasu za su ce a haramta injin baki ɗaya. Ƙasar Gana ta gwada haka: a 1998 ta hana tsaga katakon sayarwa da zarto mai inji. Duk da haka, bincike ya nuna cewa shekaru bayan nan irin wannan katako ne ya ci gaba da cika kasuwannin cikin ƙasar. Sana'ar ta koma ɓoye, baitulmali ya rasa haraji, daji kuma bai tsira ba. Muddin mutane suna bukatar ƙofa, wani zai tsaga katako. Abin dubawa shi ne wane icce, da izinin wa.

Doka tana nan. Dokar 4 ga maris 1974 ta jera itatuwan da aka kare, cikinsu har da gawo, maɗaci, giginya, tsamiya da ɗorawa. Dokar gandun daji ta 8 ga yuni 2004 ta gaje ta, sannan a watan yuli 2020 gwamnati ta fitar da ƙa'idar da ta tabbatar wa manomi haƙƙi bisa itatuwan da ya rena a gonarsa. Abin da ya rage shi ne aiki da su a fili.

Na farko, wajibi ne kowane mai inji ya yi rajista wurin ma'aikatan gandun daji, kada ya taɓa icce sai da takardar izini da yardar mai gona. Ya dace takardar nan ta samu cikin sauƙi, a bayyana kuɗinta da Hausa a allon ofis, domin wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya karanta da kansa, kada a cuce shi.

Na biyu, a koya wa masu tsaga aiki da ƙarfen daidaitawa, da wasa haƙoran sarƙa, da kare ido da ƙafa, domin wannan inji ba ya yafe kuskure. A koya musu jera ɗanyen katako a inuwa, da ƙananan sanduna tsakanin kowane biyu, don kada iskar hunturu ta tsattsage shi ko ta tanƙware shi.

Na uku, a shuka itatuwa musamman domin yanka. A kwarin Majiya, cikin jahar Tawa, tun 1975 aka dasa jerin bedi don kare gonaki daga iska, daga baya mazauna suka riƙa yanke rassansu bisa tsari suna samun kuɗi. Ƙungiyoyin manoman Jiratawa da na gulbin Maraɗi suna da ƙasa da ruwan yin irin wannan da bedi da turare. Dashen ranar 3 ga agusta zai fi armashi idan an san mai ba shi ruwa da kuma wanda zai ci moriyarsa.

Na huɗu, nauyi yana kan mai saye. Ɗan kasuwan Sabon Gari da ya karɓi katakon gawo da dare ba tare da takarda ba, abokin ɓarna ne. Hukumomin gari da ke ba da kwangilar teburan lakkwal su fara tambayar asalin katakon kafin su biya.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan sana'a ba ta riga ta gagara ba. Idan sarakuna, ma'aikata da masu inji suka zauna tun yanzu, kafinta zai samu katako, manomi kuma ya tashi da safe ya tarar da gawonsa a tsaye.