Siminti Ba Gata Ba Ne

A garin Kafin Madaki, cikin ƙasar Bauchi, akwai gidan Madaki wanda ake jingina gininsa ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya. A 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. To, amma takardar gwamnati ba ta tare ruwan sama.

Masu cewa a lulluɓe irin waɗannan gidaje da siminti, wai don gata, da su nake. Bangon tubali numfashi yake yi. In an shafe shi da siminti, danshi ya rasa mafita, ƙasar ta ruɓe daga ciki, wata rana ɓawon ya ɓalle da rabin bango. Abin da soro ke bukata sananne ne: yaɓe kafin damina, makuba, gyaran indararo, da canjin azarar da gara ta ci.

Wa zai yi? Magina masu ɗaurin guga da bakan gizo sun tsufa, 'ya'yansu sun koma buga bulo. Mu kuwa 'yan jami'a sai rubuta kundin digiri a kansu. Wa ya taɓa kiran ɗayansu aji ya koyar?