Janareta a Jirgin Ruwa: Ƙanana Biyu Sun Fi Babba Ɗaya



Da yawa daga cikinmu mazauna Kudu sana'armu ta haɗa mu da ruwa. Akwai masu sarin kifi a Epe da Badagry, akwai masu dakon kaya ta Kogin Kwara tsakanin Lakwaja da Anacha. Mai ɗauko ɗanyen kifi daga nesa yana bukatar firiza a jirgi, ga cajin waya, ga fitila idan an kwana a gaɓa. Shi ya sa janareta ya shiga jiragenmu. Ra'ayinmu a nan shi ne, wanda zai sayi janareta domin jirgi ya sayi ƙanana biyu irin na inbata ya haɗa su, maimakon babba guda ɗaya irin wanda muka saba.

Janaretan da muka saba da shi dole injinsa ya riƙa juyawa sau 3,000 a minti kafin ya ba da wuta daidai, ko da kwan fitila ɗaya aka kunna. Na inbata kuwa yana rage gudu idan kayan da ke kansa kaɗan ne, ya ƙara idan firiza ta tashi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan bambanci ya zama kuɗi a aljihu. Wutarsa kuma ba ta hawa da sauka, saboda haka ba ta saurin lalata caja da waya.

Sai maganar nauyi. Honda EU22i, alal misali, kilo 21 ne, mutum ɗaya zai sauke shi ya kai gida da yamma. Yana ɗaukar wat 1,800 a aiki mai ɗorewa, biyu a haɗe su ba da kusan 3,600. Ranar da ba kaya da yawa, a kunna ɗaya. Idan ɗaya ya mutu a tsakiyar ruwa, ɗayan zai riƙe firiza har a isa gaɓa. Mai babba ɗaya kuwa, ranar da ya ƙi tashi, kifinsa da jarinsa sun tafi tare.

Kafin a je kasuwa a yi lissafi. A duba wat ɗin da aka rubuta a bayan kowane kaya a tara. A tuna cewa injin firiza yakan ja ninki uku ko fiye na wutar da yake ci a daidai lokacin da yake tashi. A kuma lura da lamba biyu da ke jikin janareta: babbar ta ɗan lokaci ce, ƙaramar ita ce ta aiki.

Haɗawar tana da ƙa'ida. Dole dukansu su zama na inbata masu ramin haɗi, kamfani ɗaya, samfurin da kamfanin ya ce suna haɗuwa, da wayar haɗi da aka yi domin su. A haɗa su suna kashe, sannan a tayar. Kada wani mai gyara ya ruɗe mu da cewa zai murɗa waya ya haɗa janareta biyu na gargajiya. Wutarsu ba ta tafiya tare, ƙarshenta ƙonewa ne, kuma wuta a jirgin katako mai ɗauke da jarkokin fetur ba abin wasa ba ce.

Mun san abin da za a ce: tsada. Gaskiya ne, biyun sun fi babba ɗaya kuɗi, masu gyaransu ba su da yawa, jabu kuma ya cika kasuwa. Amma araha ba ta ado. A haɗa kuɗin mai na shekara da asarar kifi sau ɗaya a gani. Wanda ƙarfinsa bai kai ba ya sayi ɗaya yanzu, ya shiga adashi domin na biyu.

Abin da ya fi duk wannan shi ne rai. Hayaƙin janareta, kowane iri ne, yana ɗauke da iskar guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Kada a kunna shi ƙarƙashin tampol ko cikin rumfar da ake kwana. A ɗaure shi a fili inda iska ke kaɗawa kuma ruwa ba ya fantsamo masa, bakin salansa yana kallon waje. A kashe shi ya huce kafin a zuba mai, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasan jirgi. Samun fitila kuma bai halatta tafiyar dare ba, hukumar NIWA ta hana.

Muna roƙon shugabanninmu na bakin ruwa su tara masu jirage su yi musu wannan bayani, su kuma nemo amintaccen dila a saya a dunƙule don a samu ragi. Wanda ya riga ya gwada haɗin ya faɗa mana abin da ya gani, sauran 'yan uwa su amfana.

Allah Ya tsare mu a tudu da ruwa, Ya sa albarka a nemanmu. Amin.