Yarinya Mai Farar Riga

Yau zancen wani zane na kawo miki, na Norman Rockwell ɗan ƙasar Amurka, wanda mujallar Look ta buga a Janairun 1964.

A birnin New Orleans abin ya faru. Ranar 14 ga Nuwamban 1960 wata yarinya baƙar fata 'yar shekara 6, Ruby Bridges, ta fara zuwa makarantar firamare ta William Frantz, wadda a da 'ya'yan Turawa kaɗai ke shiga. Kotu ce ta ba da umarnin. Turawa suka yi cincirindo a ƙofa suna zagi, iyaye suka kwashe 'ya'yansu, sai da jami'an tsaron gwamnatin tarayya huɗu suka riƙa raka ta.

To, dubi yadda mai zane ya yi da wannan labari. Ga yarinyar nan a tsakiyar jami'an, biyu gaba biyu baya, sanye da farar riga tas da fararen takalma, riƙe da littafi da rula. Su jami'an bai nuna kawunansu ba, a kafaɗa zanen ya yanke su. Saboda haka idonki ba shi da fuskar da zai sauka a kai sai tata, kuma dole ki rage tsawo ki dawo daidai da ita. A bangon da take giftawa an rubuta zagi, ga jan tumatir da aka jefa ya fashe yana gangarowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bai zana masu jifan ba, ko mutum ɗaya. Ina suke? Daga inda ke mai kallo kike tsaye aka wurgo tumatirin. Ya saka ki cikin taron ke nan ba tare da neman izininki ba. Kuma bai sa ta kuka ba. Da tana kuka, da sai ki ce wayyo ki wuce. Tafiyarta kawai take yi, kai a miƙe, kamar 'yarki da kika yi wa wanka da safe kika ce ta kula kada ta ɓata rigarta. Duk macen da ta taɓa wanke farar rigar makaranta ta san abin da tumatir ke yi mata.

A 2011 an rataye zanen na ɗan lokaci a fadar shugaban Amurka, zamanin Obama, ita Ruby ta je ta gani da idonta.

Mutum ɗaya nake nema a zanen ban samu ba: mahaifiyarta, Lucille. Ita ce ta dage a kai yarinyar lokacin da uban ke jin tsoro, kuma ita ta raka ta ranar farko. Uban ya rasa aikinsa a kan haka. Lucille ta rasu a Nuwamban 2020.