Yadda A Ke Kama Ɗan Wasa Mai Shan Ƙwaya

Ran nan ina rangadin makarantu a ƙasar Ngaski, bayan an tashi yara, sai wani malamin wasanni ya tare ni da tambaya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wai gaskiya ne akwai masu duba fitsarin mutum su faɗi abin da ya haɗiya makon jiya?" Na ce masa gaskiya ne, wani sa'i ma har abin da ya sha watannin baya. Ya yi shiru. Can sai ya ce yana da wani yaro mai gudu kamar barewa, yana sa ran zai kai shi wasannin ƙasa, ga shi kuwa ya fara tsintar fankon tiramol a bayan fili. Amsar da na ba shi a tsaye ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na ga ya kamata in shimfiɗa maganar a nan, domin malamai da akawuna su karanta.

Abin da ya sa maganar ta zo ƙofar gidanmu shi ne, tun ran 1 ga Janairu, 2024, hukumar duniya mai hana shan ƙwaya a wasanni, wadda a ke kira WADA, ta sa tiramol cikin jerin abubuwan da ta haramta wa ɗan wasa lokacin gasa. Kowa kuwa ya san yadda wannan ƙwaya ta bazu cikin samarinmu. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Nijeriya masu shan irin su tiramol da kodin ba da izinin likita ba. Matuƙin jirgin da ya sha don kada ya ji gajiyar filafili, da ɗan kokawar da ya sha don kada ya ji zafin kaye, a wurinsu maganin aiki ne kawai. A wurin alƙalan wasanni kuwa zamba ce.

To, yaya a ke gane ta? Aikin ba a ɗakin bincike ya ke somawa ba. Wani ma'aikaci ne zai sanar da ɗan wasa an zaɓe shi, daga nan ba ya rabuwa da shi ko taki ɗaya. In ya zo yin fitsarin, dole ma'aikaci jinsinsa ya tsaya ya gani da idonsa, gama a da an sha kama masu ɓoye fitsarin wani cikin tufafinsu. A kan nemi aƙalla mililita 90. Ɗan wasan da hannunsa zai raba shi cikin kwalba biyu, ta A da ta B, ya murɗe murfin da ba ya buɗuwa sai an fasa shi. A kan auna kaurin fitsarin nan take, don wanda ya ɗirki ruwa da nufin ya tsarma shi. Ba a rubuta suna a kwalba, lamba kaɗai a ke sawa, saboda mai bincike kada ya san na wane ne ya ke dubawa. Sa'an nan duk hannun da kwalbar ta bi, daga fili har ɗakin bincike, sai an rubuta shi da rana da sa'a. Akawuna su lura da wannan, za mu komo kansa.

A ɗakin bincike kwalbar A a ke buɗewa, ta B a daskarar da ita. Aikin farko shi ne rarrabewa, don fitsari ya ƙunshi ɗaruruwan abubuwa a cakuɗe. Duk malamin da ya taɓa ɗiga tawada a takardar shan tawada, ya ga ruwa ya ja ta launuka sun rabu, wani ya yi nisa wani ya tsaya kusa, to, ya ga tushen dabarar. Masana suna tura abin da suka tace daga fitsarin cikin wani bututu siriri kamar gashi, mai tsawon mita da yawa a nannaɗe, iskar gas tana kora shi. Wani lokaci kuma ruwa ne ke kora shi ta cikin gajeren bututu. Kamar dai a saki jiragen Rigata gaba ɗaya cikin ƙuntataccen mashigi: kowane da lokacin isowarsa, wanda ya san jiragen kuwa ko daga lokacin zai yi zaton mai zuwa.

Amma zato ba ya isa a yanke wa mutum hukunci. Saboda haka a bakin bututun akwai na'ura ta biyu, ma'aunin nauyin ƙwayoyin zarra. Duk abin da ya fito sai ta farfasa shi, ta auna nauyin gutsattsarinsa ɗaya ɗaya. Kowane magani da irin yadda ya ke farfashewa, kamar yadda kowane mutum ke da nasa zanen yatsa. In lokacin isowa ya dace da na maganin da a ke zargi, nauyin gutsattsarin kuma ya dace, magana ta ƙare. Kaifin idon na'urar nan ya wuce misali. Tana ganin kashi ɗaya cikin kashi miliyan dubu, har ƙasa da haka. Ga lissafi don 'yan aji: a narka ƙaramin cokali na sukari, watau giram 5, cikin ruwa durom 25,000 mai cin lita 200 kowanne, sa'an nan a ɗebo kofi ɗaya. Da irin wannan na'ura aka kama Ben Johnson na Kanada a wasannin Olamfik na Seoul a 1988, kwana kaɗan bayan ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.79.

Wuyar aikin tana wajen abubuwan da jiki da kansa ya ke yi. Tiramol baƙo ne a jiki, ganinsa kaɗai ya isa shaida. Amma testostiron, sinadarin da ke ƙara wa namiji tsoka, kowa na da shi, har mata. Yaya za a bambanta na Allah da na allura? Wani Bajamushe, Manfred Donike na birnin Kolon, shi ya lura cewa jiki na fitar da shi tare da wani ɗan'uwansa mai suna epitestostiron, ga yawancin mutane kusan kai ɗaya. Wanda ya yi allura, ɗayan zai hau ya bar ɗayan a ƙasa. Da farko an sa iyaka 6 bisa 1, a 2005 aka sauko da ita 4 bisa 1.

Wanda ya haye iyakar ba a hukunta shi tukuna, gama akwai masu haka tun daga halitta. Sai a koma ga wani awo wanda, a ganina, ya fi duka ban mamaki, ya kuma shafi tuwonmu. Sinadarin kabon da ke cikin kowane abu mai rai iri biyu ne a nan: mai nauyi 12, da mai nauyi 13 wanda bai wuce kimanin ɗaya cikin ɗari ba. Gero da dawa da masara da rake sun fi tara mai nauyin. Shinkafa da alkama da waken soya da doya nasu ya fi ƙaranci. Testostiron na kanti kuwa galibi daga waken soya ko wata doyar jeji a ke harhaɗa shi. Sai masana su auna kabon na testostiron ɗin da ke fitsarin, su gwada da na wani sinadari dabam wanda jikin mutumin nan ya yi daga abincinsa. In sun yi daidai, nasa ne. In sun saɓa, na allura ne. Ashe ke nan wanda ya tashi da tuwon dawa da fura shi ya fi saurin tonuwa, don ratar ta fi faɗi a jikinsa.

Akwai kuma EPO, wanda ƙoda ke yi don ƙara jan jini. Masu dogon gudu da masu tseren keke sun daɗe suna allurarsa ba mai kama su, ko da ya ke yana kaurara jini har ya kan yi kisa. Sai a 2000, a wasannin Sidni, aka fara aiki da dabarar wata masaniya Bafaranshiya, Françoise Lasne, inda a ke ja da shi da lantarki a ga sahun na allura ya saɓa da na jiki. Sinadarin ƙara girma kuwa a jini a ke nemansa, ba a fitsari ba.

Kada wani ya ce wannan labarin Turai ne. A 2014, a wasannin ƙasashe renon Ingila a Glasgow, wata yarinyarmu 'yar shekara 16, Chika Amalaha, ta ci lambar zinariya a ɗaga ƙarfe, ajin kilo 53. Aka sami amiloride da hydrochlorothiazide a fitsarinta, aka karɓe lambar aka ba wata 'yar Papua New Guinea. Magungunan nan biyu na hawan jini ne, irin waɗanda tsofaffinmu ke saye a kantin magani. An haramta su ne don suna zubar da ruwan jiki, su rage nauyi kafin a hau sikeli, su kuma tsarma fitsari. Ban yi tsammani 'yar shekara 16 ita kaɗai ta san wannan ilmi ba, amma dokar ba ta tambayar wanda ya ba ka. Abin da aka samu a jikinka, kai ke da alhakinsa. A 2022 a Birmingham ma haka aka yi: matanmu huɗu suka ci gudun ba-ni-in-ba-ka na mita 100, aka sami abin haram a fitsarin Grace Nwokocha, zinariyar duka huɗun ta tafi ga Ingila.

Gaskiya kuma, awon ya yi mana rana. A kan ajiye kwalabe har shekara goma, in an sami sabuwar dabara a sake dubawa. Da aka sake duba na Beijin 2008 da na Landan 2012, fiye da mutum ɗari suka tonu. Ta haka Mariam Usman, wadda ta zo ta biyar a ɗaga ƙarfe a Beijin, ta sami lambar tagulla bayan shekaru. Ta haka kuma tagullar Blessing Okagbare ta dogon tsalle ta zama azurfa, da aka kama 'yar Rasha da ke gabanta. Abin takaici, ita Okagbare ɗin ce aka dakatar a Tokyo ran 31 ga Yuli, 2021, tana shirin zagaye na kusa da ƙarshe, saboda sinadarin ƙara girma, daga baya kuma aka ƙara da EPO. Shekara goma aka yanke mata, aka ƙara ɗaya.

Amma abin da ya fi ci mini rai a Tokyo ba nata ba ne. Kwana uku kafin wannan, aka hana 'yan wasanmu goma shiga gasa, alhali ba a sami kome a jikin ko ɗayansu ba. Ƙa'ida ta ce ƙasashen da a ke sa wa ido, har da Nijeriya, dole a yi wa kowane ɗan wasansu awon ba-zata sau uku cikin wata goma kafin gasa, tsakanin kowane biyu aƙalla mako uku. Ba a cika wannan ba. Cikin mutum ashirin da aka hana a duniya duka, rabi namu ne. Yara sun yi shekaru suna horo, sun isa har Japan, suka ƙare da ɗaga kwalaye a bakin masauki. Wannan ba laifin na'ura ba ne, ba kuma na ƙwaya ba. Aikin ofis ne ba a yi ba: a ajiye jerin sunaye, a duba kalanda, a aika takarda a kan lokaci. Haka nan a Sochi a 2014, mutanen Rasha ba su fi na'ura wayo ba; ramin da suka huda a bango suka riƙa musanya kwalabe ta ciki da dare, har shugaban ɗakin binciken, Grigory Rodchenkov, ya fasa ƙwai a 2016. Na'ura dai abin da aka miƙa mata shi ta ke aunawa, in an miƙa.

Wani zai ce, mene ne ruwan makarantar Shanga ko ta Wara da wannan, tun da ba mai zuwa bakin tafkin Kainji da kwalba? Ina da amsa, ko da ya ke na yarda ba za mu iya awon da kanmu ba. Ɗakunan da WADA ta amince da su kimanin talatin ne a duniya, fitsarin 'yan wasanmu ƙetare a ke kai shi, kuɗinsa kuwa ba na asusun makaranta ba ne. Ban kuma goyi bayan a riƙa tsorata yara da awon ƙarya ba. Ranar da suka gane, malam ya zubar da girmansa. Amma yaron da ya saba da ƙwaya yana ɗan shekara 14 ba zai bar ta ran da aka kira shi Abuja ba, kuma tun kafin maganar lamba, tiramol in ya yi yawa yana kawo farfaɗiya, yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi.

Abin da ke hannunmu shi ne sani. Malamin wasanni ya kamata ya san cewa tabar wiwi haram ce lokacin gasa. Cewa kodin, ko da ya ke ba ya cikin jerin, jiki na juya wani sashensa ya zama mofin, mofin kuwa in ya wuce iyaka laifi ne. Cewa garin ƙara ƙarfi da a ke tallarsa cikin gwangwani ya jawo wa 'yan wasa da yawa hukunci saboda abin da ba a rubuta a jikinsa ba. Mai ciwon da ke bukatar maganin da aka hana, akwai takardar izini da a ke nema ta hannun likita. Masu cin goro kuwa su kwantar da hankalinsu: an taɓa sa wa kafin ɗin da ke cikinsa iyaka, amma tun 2004 aka cire shi.

Na roƙi malamin nan na Ngaski ya buɗe littafi guda, ya riƙa rubuta duk maganin da ɗan wasansa ya sha, da wanda ya ba shi, da ranar. Na kuma ce ya kira uban yaron su zauna su uku kafin a fara horon bana. Zan nemi shugabannin makarantun Yawuri da Shanga su yi haka, in kuwa na komo rangadi na gaba, littafin nan zan fara tambaya kafin rajistar aji.