Ƙasar da coci ya koya wa karatu

Duk lokacin da aka tayar da zancen ingancin ilimi a duniya sai an ambaci Finlan, ƙasar nan da ke ƙuryar arewacin Turai, wadda jama'arta ba su kai miliyan 6 ba. Masu sharhi kan jingina nasararta ga horon malamai da kyawun makarantu. Gaskiya ne, amma ruwa ba ya tsami banza. Tun kafin hukuma ta kafa tsarin makarantun firamare a 1866, akasarin talakawan ƙasar sun riga sun iya karatu, kuma coci ne ya ɗora musu wannan nauyi.

Kiristanci ya shiga Finlan ta ƙofofi biyu. Ta gabas, daga birnin Novgorod na Rasha, ɗariƙar Otodoks ta zo, shi ya sa kalmomin Finlanci na gicciye da limamin coci aro ne daga tsohon harshen Rashawa. Ta yamma kuwa Katolika ta biyo mulkin Suwidin. Ruwayar gargajiya ta ce wani manomi mai suna Lalli ya kashe Bishop Henrik a kan daskararren tafki wajen shekarar 1156. A 1300 aka keɓe babbar majami'ar Turku, amma da Latin ake ibada, manomi yana sauraro ba ya fahimta.

Sauyin ya zo ne bayan Sarki Gustav Vasa ya raba daularsa da Paparoma a 1527, ta karkata ga koyarwar Martin Luther, wadda ta dage cewa kowane mai bi ya san nassi da harshen da ya tsotsa. Wani ɗan Finlan, Mikael Agricola, ya tafi Wittenberg ta Jamus ya yi karatu daga 1536 zuwa 1539. A 1543 ya fitar da ɗan littafin koyon baƙaƙe, wanda shi ne littafi na farko da aka buga da Finlanci, sannan a 1548 ya fitar da fassarar Sabon Alkawari. Da yake harshen ba shi da tsayayyar ƙa'idar rubutu, sai da ya tsara ta, ya kuma ƙirƙiro kalmomi masu yawa da ake amfani da su har gobe. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1642.

Sai dai littafi ba ya karanta kansa. Dokar coci ta 1686 ce ta mayar da karatu wajibi a kan kowa, namiji da mace. Wanda bai iya karatu ba, bai kuma san littafin aƙida ba, ba ya karɓar Jibin Ubangiji, wanda bai karɓa ba kuwa ba a ɗaura masa aure. Iyaye ke koyarwa a gida. Sau ɗaya a shekara limamin coci kan zagaya ƙauyuka, a tara jama'a a gida ɗaya, kowa ya karanta a gabansa, shi kuma ya rubuta matsayin kowane mutum a kundi. Saurayin da ke son aure ba ya bukatar wanda zai yi masa wa'azin amfanin ilimi.

Kada mai karatu ya ɗauka tsarin ba shi da aibu. Akwai tursasawa da kunyatarwa, har akan sa mai sakaci a turu a ƙofar majami'a. Marubuci Aleksis Kivi, a littafinsa na 1870 a kan wasu 'yan'uwa bakwai, ya nuna yadda samari suka gudu daji saboda azabar koyon baƙaƙe. Bugu da ƙari, karatu kawai aka wajabta, ban da rubutu, don haka har ƙarshen ƙarni na 19 kaɗan ne cikin talakawa ke iya riƙe alƙalami. Harshen mulki da na jami'a ya ci gaba da zama na Suwidin, sai a 1863 Sarkin Rasha Alexander na Biyu ya ba da umarnin a fara shigar da Finlanci harkokin hukuma. Duk da haka, sa'ad da jaridu da littattafan kishin ƙasa suka ɓullo, sun tarar da masu karatu suna jira a kowane ƙauye. Da wannan jari aka kai ga 'yancin kai a 1917.

Yau ƙarfin cocin ya ragu. Tun 1923 doka ta ba kowa damar ficewa. A 1980 kusan kashi 90 cikin ɗari na jama'a mambobin cocin Lutheran ne, yanzu ba su kai kashi biyu bisa uku ba, masu halartar ibadar Lahadi kuwa 'yan tsiraru ne. Amma har yanzu mafi yawan 'yan shekara 15 kan halarci darasin tabbatar da bangaskiya, kuma duk 9 ga Afrilu, ranar da Agricola ya rasu a 1557, ana ɗaga tuta don girmama harshen Finlanci.

Mu ma ba baƙin wannan dabara ba ne. Nana Asma'u ta isar da ilimi ga matan karkara ta hanyar 'yan taru, da waƙoƙin Hausa da Fulfulde a rubutun ajami. Bambancin shi ne Finlan ta ɗauki abin da gidan ibada ya fara, ta gina makarantar hukuma a kansa, da harshen da yaro ke ji. Masu cewa harshen uwa ba zai iya ɗaukar ilimin zamani ba su tuna cewa a 1540 Finlanci ba shi da bugaggen littafi ko ɗaya, yau kuwa da shi ake koyar da aikin likita a Jami'ar Helsinki.