Yaranmu sun haddace ƙasa a littafi, amma ba su taɓa damƙar ta ba



A zamanmu na ƙarshen wata an ɗan yi ja-in-ja a kan lesin ɗin Asabar da ƙungiya take yi wa yara. Malamin kimiyya ya nemi a ba shi awa ɗaya duk mako ya riƙa fita da su waje suna aiki da ƙasa. Wasu iyaye suka ce ba su yarda ba. Wani dattijonmu ya ce shi bai baro gona ya zo Ibadan don ɗansa ya koma wasa da taɓo ba, gara a sayo musu tambayoyin jarrabawar baya su yi ta bita. Yana da hujja, domin kuɗin rajistar WAEC da NECO ba wasa ba ne, kuma ba wanda yake so ya biya sau biyu. Duk da haka mu a kwamiti muna bayan malamin.

Ku gwada da kanku a gida. Yaron sakandare zai jero muku abubuwa biyar da suke samar da ƙasa, da Turanci, ba tuntuɓe. Ku ɗebo ƙasa a bayan gida ku zuba masa a hannu ku ce wace iri ce, sai ya tsaya yana kallonku. Kakansa kuwa, wanda bai taɓa zama a benci ba, ya san jigawa ta gero da gyaɗa ce, fadama ta shinkafa da rake, ya san dabaro da take tsattsagewa da rani, ya san inda marmara ta fito ba a wahalar da garma. Zai ɗan jiƙa ƙasa ya murza ta a yatsu, in ta mulmulu ya san akwai laka, in ta warwatse ya san yashi ne. Abin da dattijonmu bai lura da shi ba, irin wannan ake tambaya a firaktikal na darasin noma a WAEC: a ajiye wa ɗalibi samfurin ƙasa a gabansa a ce ya faɗi wace ce da halinta. Wanda bai taɓa taɓawa ba sai dai ya yi canke.

Ita ƙasa daga dutse take. Rana ta gasa shi, dare ya sanyaya shi, ya tsage. Ruwa ya shiga tsagin, saiwa ta bi, a hankali ya rududduge. Sai ganye da kashin dabbobi su ruɓe a kai, gara da tana su cakuɗa. Jan da muke gani a ƙasar nan tsatsar ƙarfen da ke cikin dutsen ce. Ruwan sama ya fi yawa a kudu, shi ya sa yake wanke abincin shuka ya yi ƙasa da shi, a wurare da dama har ƙasar ta yi tsami. A gida kuma hazon da muke ƙorafi a kai lokacin hunturu, wanda yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, yana sauke ƙura mai ɗan amfani a gonaki. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce kafin a samu ƙasa mai kaurin santimita 2 zuwa 3 ana iya ɗaukar shekara 1,000. Ruwan dare ɗaya yana iya kwashe ta in an bar ta tsirara. 'Yan uwanmu mazauna Onitsha sun san ramukan zaizaya na Nanka da Agulu a jihar Anambra, waɗanda suka cinye gidaje da gonaki.

Akwai kuma maganar aljihu. Kusan kowa a cikinmu yana tura kuɗin taki gida in damina ta kawo jiki. Mu nawa ne muke tambaya me gonar take buƙata? Yuriya naitirojin ce kawai, kashi 46 cikin 100. NPK 15-15-15 abu uku ne a haɗe. In aka zuba yuriya a jigawar da ta shekara da shekaru ba ta ga takin gargajiya ba, ruwa mai ƙarfi yana iya tafiya da wani kaso nata ƙasa da inda saiwa take kaiwa. Kuɗi sun tafi, sai a ce taki ne jabu. Wani lokaci jabun ne, amma sau da yawa ƙasar ce ta gaji, kuma wuta-wutar da ta cika gonar dawa tana nuna hakan. Iyayenmu da suke kai takin gari gona a mangala, suna haɗa gero da wake, suna barin gawo a tsakiyar gona, sun san abin da suke yi. Wake da gyaɗa da gawo duk suna ƙara wa ƙasa naitirojin. Yaran nan da aka haifa a Sabo su za su gaji gonakin, kuma ta waya za su riƙa noma su. In ba su san abin da za su tambaya ba, duk abin da aka faɗa musu shi ke nan.

Abin da malamin yake nema bai kai kuɗin kati ba. A samu gorar ruwa ta roba, a zuba ƙasa zuwa kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa, a girgiza sosai a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, mai laushin ta biyo bayan wasu awanni, laka kuwa sai ta kwana, wani lokaci fiye. Yaro ya sa rula ya auna kowane hawa, ya rubuta. Ko a yanke gora uku, a sa ƙasa iri uku daidai wa daida, a zuba wa kowace kofi ɗaya na ruwa, a duba agogon waya a ga wadda ruwa ya fara ɗiga. In yaro ya zuba wa ɗaya kofi biyu, gwajin ya lalace, kuma da kansa zai gane dalili. Daga nan yake koyon lura, da awo, da rubuta abin da ya gani ko da bai yi daidai da abin da ya zata ba. Mai son zama nas ko injiniya ko makanike duk yana buƙatar wannan, ko da ba zai taɓa riƙe fartanya ba.

Abin kunya ne a ce cibiyar binciken noma ta IITA tana nan garin tun 1967, kusa da kasuwar Shasha inda da yawanmu muke nema, masana suna zuwa daga ƙasashe don nazarin ƙasa da iri, mu kuwa sai dai mu wuce ta ƙofarta a mota.

Saboda haka muna roƙon iyaye su amince da awa ɗayan nan, ba za a taɓa lokacin lissafi da Turanci ba. Kowane yaro ya zo ran Asabar da gora biyu da rula da tsohon littafin rubutu. Direbobinmu da masu zuwa gida, don Allah a taho mana da ƙasa kamar rabin mudu a leda, a rubuta sunan garin da ko jigawa ce ko fadama. Muna so zuwa 5 ga Disamba, Ranar Ƙasar Noma ta Duniya, yara su jera ta gida da ta nan su nuna wa iyaye abin da suka auna. Dattijon da ya yi magana mun roƙe shi ya zo ya gwada su da murzar yatsu, ya ce zai duba.

Sakataren ƙungiya